Tagwayen Sifikokina Sun Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar tagwayen sifikokina, Na Dama da Na Hagu, waɗanda rai ya yi wa halinsa a falona ranar Lahadin da ta wuce, bayan doguwar jinya. Sun rasu suna da shekara arba'in da ɗoriya a duniya, talatin daga ciki a ƙarƙashin kulawata.

An haifi marigayan a wata masana'anta mai nisa wadda ta daɗe da rufewa, a zamanin da masu ƙera kaya ke jin kunyar sayar wa mutum abin banza. Jikinsu katako ne na gaske, tsayinsu ya kai ƙugun babban mutum, kuma sai ƙarti biyu sun haɗu suke iya ɗaga guda. Kowannensu na sanye da ƙyalle ruwan ƙasa a fuska. A bayan ƙyallen akwai babban baki na takarda mai fitar da sauti mai kauri, da matsakaici mai ɗaukar muryar mawaƙi, da ɗan ƙarami a sama wanda aikinsa siririn sauti ne. Na same su a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata su, ta mayar da ɗaya wurin ɗora fitila, ɗayan kuma jikokinta na hawa suna tsalle. Na raba ta da su kafin wani ya gaya mata abin da ta mallaka, kuma har yau ina ƙirga wannan cikin ayyukana na alheri.

Duk wanda ya zauna da marigayan zai shaide su da natsuwa. Ba su taɓa ihu ba, ba su taɓa kakabi ba. In aka kunna su sai su ce "ɗum" sau ɗaya, can ƙasa, sannan su yi "sss" a hankali suna jiran allura ta sauka kan faifai. Daga nan sai bango ya ɓace. Mawaƙiya ta tsaya a tsakiya daidai inda agogo yake rataye, mai ganga ya zauna can baya, mai jita ya tsaya kusa da taga har kana jin yatsansa na gogar tsirkiya. Kana jin lokacin da mawaƙiyar ta ja numfashi kafin ta ɗauki baiti. Kana jin "tsss" ɗin farantin ƙarfe yana tashi yana narkewa a iska. Wanda bai taɓa jin wannan ba, ya yi haƙuri, kunnuwansa na rataya tabarau ne kawai.

Marigayan ba sa son raini, ni ma ban bari an raina su ba. A tsakiyar falon akwai kujera guda, na auna wurinta da igiya, na manna alama a ƙasa, domin daga nan kaɗai ake jin su biyun daidai wa daida. Ni ke zama a kanta. Mai ɗakina ta san iyakarta, daga bakin ƙofar falo zuwa kicin. Yarana sun tashi suna tafiya da sanɗa a gidan ubansu, abin da ya taimaka wa tarbiyyarsu ƙwarai. Sau ɗaya Auta, tana 'yar shekara uku, ta cusa yatsa ta loɓa ɗan ƙaramin bakin Na Dama. An gyara shi a ranar, amma ban ga dalilin mantawa ba, kuma na ambaci zancen a jawabin da na yi ranar aurenta.

Kowace Asabar da yamma abokan sha'awa kan taru a gaban marigayan. Akwai Tela, da Likitan Haƙori, da tsohon Direba, da wani Akawu mai ritaya wanda ban san wa ya fara gayyato shi ba. Mai Kunne suke kirana, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Duk wanda ya sayi sabon kaya sai ya ɗauko ya kawo, a jona, in zauna kan kujera in yanke hukunci, hukuncina kuwa ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Tela ya taɓa kawo wasu sifikoki da ya daɗe yana buri, yana ta shafa su da gefen riga. Ban bari waƙar ta kai rabi ba na ce ya mayar da su shago ya riƙa ɗora almakashi. Likitan Haƙori ya kawo wasu dogaye masu sheƙi, na gaya masa sun yi kama da haƙoran da yake dasa wa mutane, farare tas amma ba nasu ba. Akawu kuwa yana da 'yan ƙanana daga masana'antar da ta haifi nawa, na ce masa ko a gida ɗaya ana haihuwar wanda ba ya jin magana. Ya yi dariya tare da kowa. Duk Asabar yana zaune a gefe yana kallon tagwayena yana haɗiyar yawu, ni kuma ina kallonsa.

Ciwon ajali ya fara ne bara, a jikin Na Hagu, wanda ke tsaye ta gefen taga. Da farko "tsss" ɗin nan ne ya dushe. Sai mai jita ya ja da baya kamar an rufe shi a ɗaki. Sai mawaƙiya ta bar ƙarƙashin agogo ta riƙa matsawa dama, har ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Daga baya marigayin ya ɗauki wani siririn fito, "ziiii", wanda ba ya yankewa ko an kashe shi, ko an zare waya daga bango. Fiton nan har kasuwa yake bina. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin shaƙuwar da ke tsakaninmu.

Na fara bincike daga inda ya kamata. Na kira mai ɗakina na tsayar da ita a bakin ƙofa.

Na ce, "Kin goge shi da jiƙaƙƙen tsumma."

Ta ce, "Maigida, rabona da in taɓa su tun Auta tana goye."

"To wa ya taɓa shi? Aljanu?"

Ta ƙara wata magana ƙasa-ƙasa ta juya. Wannan wata mummunar ɗabi'a ce da duk gidan suka koya a 'yan watannin nan, kowa sai ya riƙa magana ciki-ciki kamar an ɗora masa haraji a kan murya. Har mai karanta labarai a rediyo ya ɗauka. Na hana mai ɗakina share falon gaba ɗaya, na karɓe makullin.

Ba a yi wa marigayin rowar magani ba. Na canza wayoyi, na goge bakin kowace mahaɗa har ta yi ƙyalli, na cire labule, na mayar da labule. Na kai amfilifaya, na'urar da ke ba su ƙarfin sauti, wurin mai gyara, ya dawo da ita ya ce lafiyarta lau, na canza mai gyara. Duk wannan ban gaya wa 'yan Asabar ba, don ciwon gida a gida ake jinyarsa, na ci gaba da yanke musu hukunci kamar yadda aka saba. Sai da abin ya ci tura na sanar da su.

A cikinmu masu wannan sha'awa akwai ƙa'ida, kuma ni na koya musu ita. In gefe ɗaya ya kamu da ciwo ba a yin canke, musanya ake yi. A mayar da na hagu dama, na dama hagu. In ciwon ya bi abin da aka matsar, an kama mai laifi. In ya tsaya inda yake, a nemi laifin a wani wurin. Ranar Asabar ɗin muka fara da wayoyi, aka musanya su, na zauna na saurara, ciwo na nan gefen taga. Aka kawo amfilifayar Likitan Haƙori aka jona, ciwo na nan gefen taga. Sai Direba da Tela suka tuɓe riguna suka ciccibi marigayan suna nishi, Na Hagu ya koma gefen ƙofa, Na Dama ya koma gefen taga. Aka saki faifai. Nan take Na Hagu ya warke sarai, Na Dama kuma, wanda bai taɓa ko tari ba, muryarsa ta shaƙe.

Na ce, "Kun gani ko? Lungun tagar nan ne ke da cuta. Duk wanda aka kai can sai ya kamu."

Tela ya sunkuyar da kai yana duba faratansa. Akawu ne ya miƙe, ya zagayo ta damana, ya yi magana da ƙarfi fiye da yadda ladabi ya yarda.

Ya ce, "Mai Kunne, saura abu ɗaya ba mu musanya ba."

Na ce, "Me ya rage?"

"Kujera. Ɗan tashi."

Don kada a ce na ƙi bin ƙa'idar da na kafa, na tashi. Ya juya kujerar ta ba marigayan baya, na zauna ina fuskantar bangon da babu komai a kansa sai kalanda. Aka saki faifai. Ciwon ya tsallake falon ya koma gefen ƙofa, lungun taga kuma ya washe. Ya ce in sake juyowa, na juyo, ciwo ya koma taga. Duk inda na juya, wanda ke hagu da ni shi ne majinyaci.

Akawu ya ɗaga allurar daga kan faifan a hankali, kamar kayan ubansa.

Ya ce, "Sifikokin nan lafiyarsu ƙalau, mu duka muna jin su. Kunnenka na hagu ne ya tafi, na daman ma ya kama hanya. Ka je a duba ka, ba faɗa ba ne."

Likitan Haƙori ya ce, "Ina da aboki likitan kunne, zan yi masa magana."

Tela, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya a falona ba, ya ce, "To tun yaushe ke nan? Don nawa sifikokin shekara biyu ke nan ina ɗora musu almakashi."

Na buɗe musu ƙofa na ce kowa ya kwashi tsiyarsa. Ina so a rubuta a tarihi cewa taron dangi aka yi wa marasa lafiya biyu, a gaban idona, aka ƙaryata ciwonsu don a ci mutuncin mai jinyarsu.

Asabar ta gaba na goge kujeru, na jera faifai, ba wanda ya zo. Direba, da na ci karo da shi a bakin titi, ya shaida mini cewa yanzu a gidan Akawu ake taruwa, a wani ɗan falo da bai kai kicin ɗina ba, kuma Akawun ke zama a tsakiya. Wai Tela ya kwaso sifikokinsa daga shago an jona, Akawu ya rufe ido ya ce ba su da laifi, Tela har da ƙwalla. Direba ya maimaita mini labarin sau biyu, ban san me ya sa ya ga ina bukatar maimaici ba.

Sai ga Auta ta zo da mijinta, da wani ɗan akwati a hannu. A ciki akwai wani ɗan abin roba da ake cusawa a kunne, irin na tsofaffi.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ka gwada. Ba abin kunya ba ne. Mama ta ce sai ta kira ka sau uku kake juyowa."

Na ce, "Uwarki ta koyi buɗe baki. Ke kuma da kika fara nakasa su tun ba ki iya tsarki ba, yau kin zo ki ƙarasa ni?"

"Baba, waƙar nan da kake so, da wannan za ka ji ta."

"Ta cikin ƙwayar roba? Shekara talatin ina koya wa mutane bambancin katako da gwangwani, sannan in sa gwangwani a cikin kaina?"

Mijinta ya buɗe baki, na tuna masa cewa shi mutum ne da ke jin waƙa a waya, saboda haka ba shi da ta cewa a gaban manya. Suka tafi tana share ido. Akwatin yana kan firij inda ta bar shi.

Bayan kwana kaɗan Akawu ya aiko Direba da saƙo. Wai tunda zaman tagwayen a wurina ya zama zaman banza, in ba shi riƙonsu, zai kula da su kamar 'ya'yansa, kuma ƙofarsa a buɗe take duk ranar da na ga dama in je in ji su. In je in ji su. A gidansa, daga gefe, a kan benci, shi yana tsakiya yana lumshe ido. Mai ɗakina ta ce ai shawara ce mai kyau, ko ba komai falon zai samu iska. Na riƙe wannan maganar a raina.

Ranar Lahadi bayan azahar na buɗe falon, na ɗauko faifan da na fara sa musu ranar da suka shigo gidan nan, na ɗora allura, na murɗa sauti sama fiye da yadda na taɓa yi. Na zauna na rufe ido na jira bango ya ɓace. Bai ɓace ba. Abin da ya iso gare ni wata murya ce daga ƙasan rijiya, da fiton nan a kanta. Na ƙara murɗawa har na ji katakon kujera na rawa a bayana, muryar ba ta fito daga rijiyar ba. Na tashi na je na kara kunnena jikin ƙyallen Na Dama, na koma na kara a jikin Na Hagu, ina roƙonsu a zuciyata.

Da na juyo sai na ga mai ɗakina. Ƙarar ce ta fito da ita daga kicin, hannunta duk kumfar sabulu, ta zo ta ce in rage. Amma ta ga kujera ba kowa, kuma ban san abin da ya shiga kanta ba, ta zauna. Shekara talatin tana jin su ta bayan bango, ranar ce ta fara jin su daga tsakiya. Na ga kafaɗunta sun sauka. Na ga ta kalli ƙarƙashin agogo, daidai wurin, ba wanda ya nuna mata. Ta ɗaga hannu mai kumfa ta yi nuni, ta ɗaga murya yadda zan ji.

Ta ce, "Maigida, ashe haka suke? Ga matar can tsaye. Wallahi har numfashinta ina ji."

Ban taɓa jin hassada irin ta wannan lokacin ba, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani fuskarta da ta cika da daɗi ba. Matar da ba ta san gaban faifai da bayansa ba, ita suke yi wa waƙa, ni da na ba su kuruciyata suna yi mini gunaguni. A nan na tabbatar ciwonsu ya kai inda ba a dawowa, don majinyacin da ya daina gane mai shi ya gama yawo. Na cire musu ƙyallen fuska, na ɗauko sukundireba daga aljihun tebur. Na fara da Na Hagu, tunda shi ya daɗe yana shan wahala, babban baki, matsakaici, ƙarami. Na Dama bai yi gardama ba. Takardar shekara arba'in ba ta da wuyar hudawa. Na ga bakin mai ɗakina a buɗe, ta riƙe kai da hannu biyu, kumfa na bin goshinta, amma ba zan iya ba da shaidar abin da ta faɗa ba. Marigayan sun cika kafin waƙar ta ƙare, cikin kwanciyar hankali, a hannun wanda ya fi kowa ƙaunarsu.

Sun rasu sun bar amfilifaya guda, wadda yanzu take takaba a ƙarƙashin mayafi. Sun bar na'urar juya faifai, da marayun faifai cike da kanta uku, da kwalin kaset da tun da can ba a cika kula su ba. Sun bar wani ɗan sifikar roba mai kamar sabulun wanka da surukina ya taɓa kawowa, wanda ke da'awar dangantaka, amma dangi ba su san shi ba. Sun bar kujera. Sun bar mai ɗakina, wadda ta tafi gidan Auta washegari da akwati biyu, ziyarar da ba ta faɗi ranar ƙarewarta ba, ko kuwa ta faɗa ba ta ɗaga murya ba. Sun bar ni.

Za a yi jana'izarsu ranar Asabar mai zuwa da yamma, a lokacin da aka saba taruwa. Ba a bukatar kafinta, marigayan sun zo duniya da akwatinsu. An haƙa musu wuri ɗaya a bayan gida, kusa da tankin ruwa, kuma za a binne su da komai nasu har maganaɗisun da ke cikinsu, saboda haka masu sayen tsofaffin ƙarafa su huta da zarya. Tela zai ɗinka likkafani, in ya samu wurin ɗora almakashinsa. Direba zai kama ta baya. Akawu zai kama ta gaba, don ya samu ya rungume su sau ɗaya a rayuwarsa, kuma an ba shi izinin leƙa fuskokinsu kafin a rufe, ya duba da kyau, ya gaya wa jama'a ko har yanzu lafiyarsu ƙalau.

Ba za a sa waƙa ba. Za a yi zaman makoki a falo, kowa ya zauna inda ya ga dama, har da kujerar tsakiya. Masu ta'aziyya su zauna ta hannun damana, su fuskance ni, su buɗe baki, kada a yi mini raɗa. Zan bar ƙofar gida a buɗe tun safe. Wanda ya yi sallama bai ji an amsa ba, kada ya juya, ya shigo kawai, ina ciki.